Jan fuli a gaban inji: kilo biyun da za ka cire, ka san aikin da suke yi?

Idan kana cikin masu bin shafukan motoci a TikTok da Instagram, na san ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Za a ɗora wani baƙin faifan ƙarfe mai tsatsa a kan sikeli, ya nuna kusan kilo uku. A sauke shi, a ɗora wani ja ko shuɗi mai sheƙi, an huhhuda shi kamar kayan ado, sikeli ya nuna abin da bai kai kilo ɗaya ba. Daga nan sai a nuno maka allurar juyin inji tana tsalle, a saki kiɗa, a rubuta cewa motarka za ta ƙaru da ƙarfin doki biyar, ko goma, wani ma ya ce fiye. Kuɗin bai kai na rim huɗu ba, ɗaurawar ba ta wuce awa guda ba. Wa zai ƙi?

Abin da ake tallata maka shi ne fulin karanshaf, wato faifan nan da ke can ƙasa a gaban inji, wanda fambel yake naɗe a jikinsa. Na kamfani ƙarfe ne mai nauyi, na talla kuwa alminiyam ne. Ban taɓa damuwa da shi ba sai da wani abokina a Unguwar Dosa ya yi odar guda ya ɗaura wa Honda EOD ɗin da babansa ya bar masa yake zuwa makaranta da ita. Abin da ya biyo baya shi ya sa na shafe kusan wata guda ina karance-karance da zaman gareji, har kanikawa suka fara tambayata ko na bar aikin jarida ne na dawo koyon sana'a.

Bari in fara ba ka labarin a taƙaice. Bakaniken gidansu, wani dattijo da ya fara aiki tun zamanin da Peugeot 504 take fitowa sabuwa dal daga Kakuri, ya juya fulin a hannu, ya duba gaba ya duba baya, ya tambaye shi ina robar. Abokina ya ce Baba ai wannan na zamani ne, ba ya buƙatar roba. Dattijon ya miƙa masa abinsa, ya ce ɗana, je ka wani wurin, ni ba da hannuna ba. Ya kuwa je wani wurin aka ɗaura. Ranar farko murna har kunne. In ya taka totur a tsaye, allura ta haura da sauri ta sauko da sauri, ƙarar ma kamar ta canza. Ya ɗauki bidiyo, aka yi ta zuba masa alamar wuta a ƙasan fos ɗin. Bayan 'yan makonni sai fitila ta fara dusashewa in an tsaya a gosulo da daddare, esi ya koma hura iska mai ɗumi in ba tafiya ake ba, wata safiya batir ya ƙi tayar da mota. Da aka leƙa ƙasa kuma aka ga baƙin mai yana tsattsafowa ta bayan fulin.

Injin bai buga ba. Na faɗi wannan tun da wuri don kada ka ce na zo da labarin ban tsoro. An mayar da tsohon fulin, aka canza sil, aka yi cajin batir, mota ta koma yadda take. Amma da na fahimci abin da robar nan take yi, sai na gane cewa batir da esi su ne ƙananan matsalolin.

Me ake samu a zahiri?

Masu tallar ba ƙarya zalla suke yi ba. Duk abin da inji zai juya, sai ya kashe ƙarfi kafin ya ɗaga gudunsa. Ka kifa keke ka juya tayarsa da hannu, za ka ji farkon juyawar ne ke da wuya, da ta ɗauki gudu kuwa ɗan taɓi ya isa. Idan ka rage nauyin abin da ke juyawa, inji zai haura da sauri. Wannan gaskiya ce. Tambayar ita ce, da nawa?

Mu 'yan koyon aikin jarida an koya mana cewa in mai sayar da abu ya ba ka adadi, ka nemi inda ya samo shi. To na ɗauko kalkuleta, da ɗan abin da ya rage mini na fiziks ɗin sakandare. Ɗauki fuli mai kilo 3, faɗinsa santimita 15. Ka musanya shi da mai giram 600, faɗi ɗaya. Ka taka mota daga juyi 2,000 a minti zuwa 6,000 cikin daƙiƙa uku, kamar yadda ake yi a giyar farko. Ƙarfin da ka tsimi wa injin bai wuce jul 1,200 ba, kwatankwacin wutar da dutsen guga na lantarki yake sha a daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. In ka raba shi a kan daƙiƙa ukun nan, ya zama wat 400. Ƙarfin doki ɗaya kuwa wat 746 ne. Wato ka samu rabin doki da ɗan ɗoriya. Tunda nauyin fulin kamfani ya fi taruwa a bakinsa, mu yi wa mai talla kara mu ninka lissafin, mu ce doki ɗaya. EOD mai silinda huɗu tana fitowa daga kamfani da doki 160. Ko kashi ɗaya cikin ɗari ba ka ƙara ba.

Kuma wannan a giyar farko ke nan. Da ka hau manyan giyoyi, inda allura take hawa a hankali, ribar sai ta narke. In kana tafiya a gudu ɗaya a kan hanyar Zariya, ba ka samun komai, domin babu abin da ake ɗagawa. Don haka batun cewa zai rage maka shan mai, wanda ya fi jan hankalin mutane tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ka ajiye shi gefe.

Ga wata hanyar da za ka fi gane lissafin. A giyar farko, canjin yana daidai da a sauke wa motar kaya na kusan kilo goma. Akwatin sifikar da ke cikin but ɗinka, wadda take girgiza gilasan maƙwabta, ta fi haka nauyi. Abokinka ɗaya in ya shiga gidan baya ya cinye ribar sau shida.

To me ya sa abokina ya ji bambanci? Saboda a tsaye ya gwada, mota tana fakin. A nan injin ba ya jan komai sai kansa, don haka ɗan nauyin da aka cire yana bayyana. Da zarar an sa giya, injin yana jan mota mai nauyin kusan tan ɗaya da rabi. Sannan yawancin motocinmu a garin nan otomatik ne. A bayan injinsu akwai wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe cike da man giya da take juyawa tare da karanshaf, ta ninka fulin nauyi da faɗi. Mai giyar hannu kuma yana da filawil a wurin. Ka rage kilo biyu a gaba ka bar wancan a baya, kamar ka ɗebe cokali ne daga tulu. Saura kuma abin da kowa ya sani: wanda ya kashe kuɗinsa, kunnensa yakan ji abin da yake so ya ji.

Ƙaramin fuli da zafin Kaduna

Fulin tallar nan iri biyu ne, kuma mutane da yawa ba sa lura da wanda suka saya. Akwai wanda faɗinsa ɗaya da na kamfani, nauyi kawai aka rage. Akwai kuma wanda aka ƙanƙanta shi da gangan, galibi da kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari, domin duk abin da fambel ke ja ya rage gudu. Na abokina irin na biyu ne. Shi kansa bai sani ba sai da aka ce masa tsohon fambel ya yi yawa, ya sayo gajere.

A irin na biyun ne ake samun 'yar riba ta gaske. Fambel yana jan altaneta, da kwamfuresar esi, da famfon fawa-sitiyari, da famfon ruwa a injuna da dama, ciki har da mai silinda huɗu na EOD da na Camry. Duk suna cin ƙarfi, musamman in inji ya haura sama. Ka rage musu gudu, ka 'yanto dawakai kaɗan. A filin tsere, inda inji yake wuni a juyi dubu biyar zuwa sama, wannan dabara ce mai ma'ana, domin a can famfon ruwa da altaneta suna gudu fiye da yadda ake buƙata.

Amma kai ina kake wuni? Kana Kawo da yamma kana jiran masu shiga tasha su ba da hanya. Kana Ahmadu Bello Way wajen Kasuwar Gumi, a watan Maris ko Afrilu, rana tana dukan kwalta, injin yana juyi 700 ko ƙasa da haka. A daidai wannan lokacin ne kake son esi ya yi sanyi, ruwa ya zagaya lagireto, fankoki biyu su yi ta aiki, altaneta ta ciyar da su duka har da amfilifayar da ka ƙara. Kuma daidai wannan lokacin ne ƙaramin fuli ya fi cutar ka. Altaneta ba ta ba da cikakkiyar wuta sai ta kai wani mizanin gudu. In ta gaza, batir ne zai riƙa cikawa daga aljihunsa har ya ƙare. Ga shi dama motoci da yawa a nan an haɗa musu fanka kai tsaye, tana juyawa tun daga kunna makulli har kashewa. Ka haɗa wannan da altanetar da aka rage wa gudu, ai ka san inda za a kwana.

Akwai ma abin dariya a ciki. Wutar da fitila da rediyo suke buƙata ba ta raguwa don ka rage wa altaneta gudu, ita dai za ta ƙara yin tauri ne don ta biya buƙatar. Kwamfutar motoci da yawa kuma da kanta take yanke kwamfuresar esi in ka take totur har ƙasa. Sababbin motoci, kamar Corolla daga ƙirar 2009 ta Amurka, sitiyarinsu na lantarki ne, babu famfon da fambel zai ja. Wato rabin abin da aka ce za a 'yanto maka, injiniyoyin kamfani sun riga sun 'yanto shi.

Masu Mercedes C200 da C230 Kompressor, ku naku daban ne. Fambel ne ke jan abin da ke cusa wa injinku iska, saboda haka ƙaramin fuli rage muku ƙarfi zai yi. Masu gyaran irin waɗannan motoci babba suke sawa, ba ƙarami ba, kuma wannan wani babi ne mai nasa rigimar ta zafi da ingancin mai.

Robar da Baba ya tambaya

Yanzu mu zo ga abin da ya sa dattijon nan ya ƙi aikin. In ka samu dama, ka je gareji ka ce a nuna maka fulin kamfani da aka cire. Duba shi da kyau. Ba ƙarfe ɗaya ba ne, biyu ne: cibiya da ake ɗaurewa a kan karanshaf, da zobe mai nauyi a waje, a tsakaninsu kuma siririn layin baƙar roba. Turawa suna kiran abin damfa. Ba don ado aka sa ba, kuma ba don kamfani ya rasa alminiyam ba. Kamfanin da yake ƙirga kowane giram don motarsa ta rage shan mai ba zai ɗora kilo biyu a banza ba.

Muna ganin karanshaf kamar sandar ƙarfe da ba ta lanƙwasuwa. Ba haka ba ne. Duk lokacin da fulogi ya ba da wuta, fistin yana naushin karanshaf a wuri guda. Ƙarshensa na baya yana riƙe da filawil da giya da nauyin mota gaba ɗaya, ba ya saurin amsawa. Sai sandar ta ɗan murɗe, kamar yadda ake matse wanki, ta sake dawowa. Murɗawar ƙanƙanuwa ce, ido ba ya gani. Amma ka lissafa yawanta. Inji mai silinda huɗu yana ba da naushi biyu a kowane juyi, wato a juyi 3,000 a minti naushi ɗari ke nan a daƙiƙa ɗaya. Mai silinda shida a juyi 6,000 yana ba da ɗari uku.

Inda abin yake zama haɗari shi ne in saurin naushin ya yi daidai da saurin da sandar take murɗewa ta dawo. Ka taɓa ɗauko ruwa a bokiti? Akwai wani taku da in ka yi, ruwan zai fara tambal-tambal, kowane taku yana ƙara masa, har ya zube maka a jiki. Ba ƙarfin takun ba ne, dacewarsa ce da kaɗawar ruwan. Shi ya sa iyayenmu mata suke jefa ganye ko ƙoƙo a saman ruwan, ya kashe kaɗawar. To wannan zoben da robar su ne ganyen injinka. In gaban karanshaf ya fizga, zoben mai nauyi yakan ɗan yi jinkiri, robar ta miƙe ta shanye fizgar ta mayar da ita zafi. An auna nauyin zoben da taurin robar ne daidai da wannan injin, ba wani ba.

Ba sabuwar matsala ba ce. A farkon ƙarni na ashirin, lokacin da aka fara ƙera injuna masu silinda shida a jere, karanshaf ya yi ta karyewa a hannun masu ƙira, har wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya fito da na'urar kashe wannan murɗawa a wajajen 1910. Fiye da shekara ɗari ke nan ana amfani da dabarar. Jan fulin da ke cikin bidiyon nan dunƙulen alminiyam ne guda, babu zobe babu roba. Wato ba nauyi kaɗai ka cire ba, ka cire ganyen daga bokiti.

Abin da ya sa mutane ba sa tsoron wannan shi ne ba ya nuna alama. Ba ya kunna fitilar gargaɗi, ba ka jin sa a sitiyari. Aikinsa irin na wanda yake lanƙwasa waya gaba da baya ne: sau goma lafiya, sau hamsin lafiya, sai a wani karon ta rabu biyu. Kafin a kai ga karyewar karanshaf, wanda shi ne mafi muni kuma ba kullum yake faruwa ba, akwai masu shan wahala a hanya: metal ɗin da karanshaf yake kwance a kai, famfon baƙin mai wanda a injuna da yawa karanshaf ne ke juya shi kai tsaye ko da sarƙa, sarƙar tayimin, da notunan filawil. Ranar da injin ya buga, ba wanda zai tuna da fuli. Za a ce mai ne ba shi da kyau, ko an sayar maka da gajiyayyen inji, ko kuma a ce baki ne.

Masu BMW, ku matso kusa. E36 da E46 da ake ji da su wajen juyi da tayar da ƙura, masu silinda shida a jere, karanshaf ɗinsu dogo ne, kuma dogon ƙarfe ya fi saurin murɗewa. Masu tsere da waɗannan injuna a Turai da Amurka sun daɗe da sanin cewa notin famfon baƙin mai yakan kwance in ana yawan riƙe injin a can sama, har sukan ɗaure shi da waya ko su yi masa walda. Wannan fa da damfar a jiki ke nan. Steve Dinan, wanda ya yi suna a Amurka wajen ƙara wa BMW ƙarfi, ya taɓa yin dogon rubutu yana gargaɗi a kan irin waɗannan fulin. Mutumin da sana'arsa ita ce sayar maka da ƙarin doki, shi ne yake ce maka wannan kam bar shi. Wasan mota irin na biki kuma, inda ake riƙe allura a ja ana sakin kuloci da ƙarfi, shi ne yanayin da ya fi gwada karanshaf. Wannan ban da maganar da ta fi inji muhimmanci, wato yaran da suke tsaye a bakin titi suna kallo. Titin unguwa ba filin tsere ba ne, ko da wane fuli ka ɗaura.

Amma ai wane ya shekara uku da nasa

Za ka ji wannan, kuma mai faɗa ba lallai ƙarya yake ba. Masu ƙera fulin suna cewa robar don rage ƙara da jijjiga kawai aka sa ta, kuma ƙananan injuna masu silinda huɗu, da gajeren karanshaf mai kauri, ba sa buƙatarta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Tsohuwar Volkswagen Beetle da fuli marar roba ta fito daga kamfani, ta kuma yi shekaru tana aiki, saboda karanshaf ɗinta gajere ne kuma injin ba ya juyi da yawa. Mutane da dama a duniya sun yi dubban kilomitoci da fulin alminiyam a ƙananan motoci ba abin da ya same su. Wanda yake tuƙi a hankali, ba ya wuce juyi dubu uku, mai yiwuwa ba zai taɓa shiga wurin da murɗawar take tsananta ba.

Sai dai ka lura da abin da wannan yake nufi. Wanda ya fi tsira shi ne wanda ba ya taka mota, wato wanda fulin bai amfane shi da komai ba. Wanda yake takawa har ja, wanda dominsa aka yi fulin, shi ne a bakin rami. Kuma waɗanda kake gani a bidiyon Amurka da Japan, da yawansu injinsu sabo ne ko an sake gina shi, sun san tarihinsa, in ya fashe suna da na sayen wani. Taka motar 'yar Kwatano ce ko ta hannu, ta yi kilomita dubu ɗari biyu ko fiye kafin ta zo gare ka, ba ka san sau nawa aka juya mata mita baya ba. Je ka Oriyafata ko Sabuwar Fanteka ka tambayi kuɗin inji ɗan Beljiyam yau, bayan abin da ya sami naira tun 2023, sannan ka auna shi da rabin doki. In motar ta Baba ce ko ta Hajiya, ka ƙara da bayanin da za ka yi a falo.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne duba abin da masu tseren gaske suke yi. A Amurka, hukumar NHRA mai kula da tseren mita 402 tana wajabta wa motar da take cinye wannan tazara cikin daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka ta sa damfar da aka gwada aka tabbatar ba za ta tarwatse ba. Kamfanoni irin su ATI da Fluidampr sana'arsu ke nan, na farkon da zobban roba, na biyun da wani ruwa mai kauri a ciki. Mutanen da suke cire kujeru da kafet don rage nauyi, in sun zo gaban karanshaf ba sa jefar da damfa, mafi kyau suke saya, wani lokacin ma ta fi ta kamfani nauyi. Tsadarta kuwa ta ninka ta jan fulin sau da yawa.

A yi mini irinsa a Fanteka

Wannan shawarar ma na ji ta, kuma na fahimci inda ta fito. Duk ɗan Kaduna ya san abin da hannun mutanen Tsohuwar Fanteka yake iyawa. Ka kai musu hoto su fitar maka da abu, daga tukunyar dalma har injin niƙa, ɗaliban Kaduna Polytechnic da ke maƙwabtaka da su ma can suke kai aikinsu na ƙarshe. Amma ka san abin da kake nema a yi maka. Fuli mai faɗin santimita 15 a juyi 6,000, bakinsa yana gudun kusan kilomita 170 a awa. Alminiyam ɗin da aka narka daga tarkace aka zuba a ƙasa ya isa tukunya, amma yakan ɓoye 'yan kumfa a ciki da ba a gani. Masu kyau na waje daga dunƙulen alminiyam mai lamba 6061 ake feƙe su da injin kwamfuta. Ko su ɗin, in babu hannun riga na ƙarfe a inda sil yake gogawa, alminiyam yana da laushi, sil zai ci shi, mai ya fara zuba. Abin da ya sami abokina ke nan. Ramin da ke riƙe fulin a kan karanshaf shi ma yakan buɗe in ba a ɗaure notin da ma'auni ba, kuma ka san a yawancin garejinmu ma'aunin shi ne dogon bututu da ƙarfin yaron shago.

Akwai kuma ɗan'uwan wannan kuskure da ya fi shi yawa a garin nan, kuma ba ruwansa da gayu. Robar fulin kamfani tana tsufa. Zafi da baƙin mai suna cinye ta, ta tsattsage, zoben ya fara rawa ko ya zame. Sai ka ji an ce a kai wa mai walda ya haɗe su. Da an yi haka, ka samu fuli marar damfa, mai nauyin da, ga kuma ƙarin ƙarfen walda a gefe guda da zai sa shi juyawa a karkace. Ka yi asarar kariya, ba ka samu ko rabin dokin ba. Ina ma zargin cewa wasu daga cikin masu rantsuwa cewa jan fuli ya gyara musu mota, mataccen fuli suka cire, don haka kome aka sa a wurin sai sun ji daɗi.

Idan kana son ka duba naka, ba sai ka biya kowa ba. Da safe kafin ka tayar da mota, haska fitilar waya a kan fulin ka duba layin robar: ta tsage, ta kumburo waje, ko ta jiƙe da mai? Ja layi da alli ko farin fenti daga cibiya zuwa zobe. Bayan kwana biyu ka sake dubawa, in layin ya rabu, zoben yana zamewa. Sannan ka tayar da injin ka tsaya daga gefe, hannu da riga nesa da fambel, ka ga ko fulin yana rawa. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, nemi na asali mai lafiyayyar roba, na wannan injin takamaimai.

In kuma jan ƙarfen ne ya shiga ranka, don a buɗe bonet a ga sheƙi, akwai saitin da ake sayarwa na altaneta da famfon sitiyari da famfon ruwa kaɗai. Waɗannan babu damfa a jikinsu, in faɗinsu ɗaya da na asali ba su da wata illa, ba su kuma da wata riba sai ta hoto. Mai giyar hannu da yake son allura ta riƙa tashi da gaske, filawil marar nauyi ne zai ba shi abin da zai ji a jikinsa, ko da yake mota za ta riƙa saurin mutuwa a gosulo. Mai otomatik kuwa, kuɗin fulin nan zai saya masa fulogi na asali, da matatar iska sabuwa bayan ƙurar hunturu, da canjin man giya. A motar da ta shekara ashirin, dawakan da suka ɓace ta waɗannan hanyoyi sun fi wanda ake yi maka talla yawa.

Abokina dai ya koma wurin dattijon nan da tsohon fulinsa a leda, Allah ya sa bai bari yaran gareji sun sayar wa 'yan gwangwan ba. Baba bai ce masa komai ba, ya duba robar, ya ce da sauranta, ya sa aka ɗaura. Jan fulin yana kan teburin karatunsa yanzu, yana danne takardu da shi in an kunna fanka. Makon jiya ya sa shi a sitatus, wai na sayarwa ne, an yi amfani da shi wata ɗaya kacal. Mutum huɗu sun riga sun tambayi kuɗin.